Yadda Ake Gane Faifan Fim ɗin Kaboyi da Aka Gyara da Kyau

Duk mai sha'awar finafinan kaboyi a Sakkwato ya san faifan nan na kasuwa da ake cusa wa fim takwas ko goma, wanda da zarar dawakai sun tayar da ƙura sai hoton ya dagargaje, a kasa bambance doki da mahayinsa. Mai son ganin fim yadda aka haska shi a silima sai ya karanta bayan kwalin kafin ya zaro kuɗi.

Abin da zai fara nema shi ne tushen hoton, wato ko daga nagatif na asali, zaren fim ɗin da kyamara ta ɗauka tun farko, aka ɗauko shi. Faifan DVD na tsarin PAL yana ɗaukar ɗigo 720 sau 576, Blu-ray da ya fito a 2006 yana ɗaukar 1920 sau 1080, na 4K kuwa 3840 sau 2160, amma yawan ɗigo ba ya raya hoton da aka kwafo daga tsohon kofi mai karce.

Daga nan sai faɗin hoto. Finafinan da aka yi kafin zuwan CinemaScope, tsarin hoto mai faɗi, a 1953 kusan murabba'i ne, saboda haka baƙin shafi zai bayyana a dama da hagu na talabijin, yawancin waɗanda aka yi bayan zuwansa kuma a sama da ƙasa. Wannan ba lahani ba ne, kada a danna maɓallin cika allo. Idan aka datse gefen hoto, wurin da 'yan bindiga biyu suke fuskantar juna sai a ga ɗaya kaɗai yana hararar iska.

Inda aka fi ruɗin mai saye shi ne tsakin hoto, ɗigo-ɗigon nan masu motsi kamar rairayi. Ba datti ba ne, jikin fim ɗin ne, kuma a cikinsa ƙananan bayanai suke. Wasu kamfanoni suna goge shi da kwamfuta don hoton ya yi sheƙi, sai fuskar jarumi ta koma kamar ta 'yar tsanar roba. A tsayar da fim a inda aka kusanto fuska, a duba ko ana ganin gashin gemu, gumi da saƙar hula. Finafinan kaboyi na darakta Sergio Leone, da aka ɗauka da tsarin Techniscope mai amfani da rabin girman firam, dole tsakinsu ya fito sosai; idan suka zo sumul, to an yi musu aika-aika. Launi ma abin lura ne: gyaran da aka yi wa The Good, the Bad and the Ugly a 2014 ya sha suka domin ya rine da rawaya har sararin sama, shi ya sa a ganina fitowar kamfanin Kino Lorber ta 2021 ta fi cancanta.

Mai yin oda daga waje ya tuna Nijeriya tana yankin B a Blu-ray, Amurka tana A, kuma faifan da aka kulle wa yanki ɗaya ba zai buɗe a na'urar wani yankin ba, sai dai na 4K ba shi da wannan shinge. Idan faifan ya iso, kada a bar shi cikin mota a zafin Afrilu, ƙurar hunturu kuma a share ta da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki.