Yadda ake shafa wa kankare kariya a yanayin Sakkwato

Kankare yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma ta nan ruwa yake ratsawa har ya kai ga rodin da ke ciki. Idan rodi ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. A Sakkwato zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana tsattsaga dakin (wato rufin kankare) da bango, sannan ruwan damina ya tarar da ƙofa a buɗe.

Kada a shafa kome a kan sabon kankare sai ya cika kwana 28, ko da simintin mai kyau ne irin na masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato. Kafin a fara, a manna leda a kan wurin, a liƙe gefunanta, a bar ta ta kwana; idan da safe an ga gumi a ƙarƙashinta, to akwai sauran danshi, kuma duk abin da aka shafa zai ɓamɓare. Daga nan a goge farin gishirin da ke fitowa a bango da burushin waya, a wanke ƙura da maiƙo, a cike kowace tsaga, a jira ya bushe. Wannan shirin shi ne rabin aikin, kuma shi ne masu gaggawa suke tsallakewa.

Kowane wuri da abin da ya dace da shi. Harsashin ginin da ƙasa za ta rufe, kwalta ce maganinsa. Bangon waje yana son ruwan silen, wani sinadari da yake nutsewa cikin kankare ya hana ruwa shiga amma ya bar danshin ciki ya fita. Fentin ifoksi ya dace da daɓen shago ko ma'ajiya, sai dai rana tana ɓata shi, don haka bai kamata a kai shi saman dakin ba. Can ana buƙatar shafi mai talewa, kamar na foliyuritan, zai fi kyau fari saboda zafi.

A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. A yi aikin da sanyin safiya, domin kankaren da ya ɗauki zafi yana busar da shafin kafin ya kama. A yi shafi biyu marasa kauri, a bar tazarar lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani tsakaninsu.

Kafin kowace damina a share indararo, sannan a yayyafa ruwa a bangon da aka sa wa silen. Idan ya nutse maimakon ya gangaro, lokacin sabuntawa ya yi.