Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta fentin tsohuwar mota da kuɗi kaɗan

Fentin yawancin motoci hawa uku ne: firaima, wato fentin shimfiɗa, a jikin ƙarfe, launi a kanta, sai kiliya a sama, wato wannan fenti garai-garai da ke ba mota sheƙi yana kuma kare launi daga rana. Kaurin kiliya bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bai ma kai yawancin silin gashi ba. Ita rana ke fara ci, shi ya sa rufi da bonet da murfin but suke riga ƙofofi lalacewa.

Tun daga duba motar ake fara ɓata. Kiliyar da ta dusashe daban, wadda ta ɓare daban. In ka jiƙa wurin da ruwa sheƙi ya dawo bai ɗaya, babu wani baki da farce zai kama, to da sauran ranta: ka wanke, ka goge da man goge fenti, ba sai ka sayi ko gwangwani ɗaya ba. Amma in ta yi fari-fari tana ɓamɓarewa kamar saɓar maciji, ta mutu. Babu man da zai dawo da abin da ya riga ya bar jikin mota, guga sai ƙara faɗaɗa wurin yake yi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne fesa sabuwar kiliya a kan wadda ta ɓare. Ranar farko mota za ta yi kyau, mai ita ya yi ta murna. Bayan 'yan watanni ta soma tashi daga bakin tsohon ɓawon, ta tafi da kuɗin da aka kashe. Dalili kuwa, kiliya tana kama launi ne tun yana sabo, galibi cikin awa 24 da fesa shi. Launin da ya shekara a buɗe yana shan rana ya riga ya ƙone, ba ya riƙe komai, kuma zanen ɓawon zai fito ta ƙarƙashi kamar taswira. Gyaran gaskiya shi ne a kankare duk abin da ya saki har a kai ga wuri mai ƙwari, a daidaita bakin, a sa firaima, a sake launi, sannan kiliya ta rufe wannan sashen jikin motar gaba ɗaya daga baki zuwa baki. Wanda ya tsayar da kiliya a tsakiyar ƙofa zai ga layin nan ba da jimawa ba.

Wajen kankara ma akwai garaje. Mutane sukan ɗauki samfefa su hau mota ba su wanke ta da abin cire maiƙo ba, sai su cusa tsohon kakin sheƙi da silikon cikin ƙofofin fenti. Sakamakonsa waɗannan ƙananan ramukan da ake kira idon kifi. A fara wankewa, a goge da mai cire maiƙo, sannan a kankare. Lambobin samfefa kuma, waɗanda ƙaramar lamba ta fi kaushi babba ta fi laushi, ba a tsallake su: 180 don cire ɓawo, 320 zuwa 400 kafin firaima, 600 zuwa 800 kafin launi. Duk karcen da 180 ya bari in ba a bi shi da mai laushi ba, sai ya bayyana bayan fenti ya bushe ya zauna, musamman a launi mai ƙyalƙyali irin na azurfa. A lulluɓe samfefa a jikin katako mai shafaffen fuska, don yatsu zalla suna barin kwari.

Tsatsa ba a rufe ta da fila, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi. A kankare har farin ƙarfe ya fito, a sa firaimar efoksi. Fila mai kauri tsagewa take yi.

Ana neman sauƙi ne, na sani, amma ba a wajen kiliya ake yin tsimi ba. Mai bushewa da iska kawai, wadda ake rubuta 1K a jikinta, ba ta jure fetur kuma ba ta daɗewa a rana. Mai hadina (sinadarin da ke sa ta tauri), wato 2K, ita ce ta aiki. Akwai ta har a gwangwanin feshi mai maɓalli a gindi, sai dai da zarar ka danna shi an haɗa ke nan, kwana biyu kawai gare ka. In da kanka za ka haɗa, ka bi ma'aunin kiliya da hadina da ke jikin gwangwani, ko 2:1 ne ko 4:1, da kofin awo. Ƙara hadina don kiliya ta yi saurin bushewa yana sa ta tsagewa. Hadinar nan kuma tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai haddasa asma, kuma takunkumin takarda na ƙura ba ya tare shi ko kaɗan. Mafi aminci shi ne takunkumin da ake turo wa iska daga waje. In wannan ya fi ƙarfinka, ka yi wankin da kankara da liƙe-liƙen tef da kanka, wanda shi ne mafi yawan aikin, ka kai wa mai ɗakin fenti ya fesa. Nan ne rangwame na gaske yake.

Wajen feshi, hannu yakan yi nisa fenti ya sauka kamar ɓawon lemo, ko ya matso har ya zubo. Tazarar santimita 15 zuwa 20 ta isa, kowane layi ya hau rabin na baya, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin hawa da hawa. Kada a fesa a tsakar rana a kan ƙarfe mai zafi, ko lokacin da iska ta cika danshi, don kiliya za ta yi hazo. A tsiyaye ruwan tankin kwamfuresa, a sa matacin ruwa a bututu.

Launi kuma ba a zaɓarsa da ido. Lambarsa tana kan wani ɗan allo, yawanci a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Duk da haka tsohon fenti ya koɗe, don haka a gwada a kan guntun kwano a kara da mota a hasken rana kafin a taɓa ta.

In an gama, ɗan gurzo ko ƙurar da ta maƙale ana gyara su da samfefa 1500 zuwa 2000 da ruwa, sannan guga, bayan kiliya ta yi tauri sosai. Kaki kuwa a dakata da shi wata ɗaya zuwa uku, sai tinar, wato ruwan sirka fenti, da ke cikin fentin ta gama fita.