Zaman Abuja: ka san halin mutum kafin ka yi fushi da bakinsa

Duk ɗan'uwan da ya baro Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya sauka a tashar Zuba, tambaya uku yake zuwa da ita: ina zan kwana, wane aiki zan samu, nawa sefa take a naira yau. Har yanzu ban ga wanda ya tambaye ni yadda ake magana da mutanen garin ba. Amma a shekarun da na yi a nan, yaran da na ga sun naɗe tabarma sun koma gida da ɓacin rai, yawancinsu da aikinsu a hannu suka tafi. Magana ce ta kore su, wata an faɗa musu ba su gane ta ba, wata kuma su ne suka kasa faɗa.

Sai ka fara sanin irin garin da ka shigo. Abuja ba ta tashi kamar Kano ko Katsina ba, inda al'ada ɗaya ta daɗe tana riƙe da kowa. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, a yankin da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, da wasu ƙabilu suke zaune tun tuni. Tsohon garin da ke da sunan Abuja ya koma Suleja. Sai ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida, gwamnati ta taso daga Legas. Saboda haka kusan duk wanda ka gani a Wuse ko Garki ko Kubwa zuwa ya yi, kamar yadda ka zo, kuma kowa ya zo da bakin gidansu. A Maraɗi in mutum ya yi maka magana ka san ɗan wane ne, ka san abin da shirunsa yake nufi. A nan maƙwabcinka na dama Inyamuri ne, na hagu Tibi, mai gidan hayar Bayarabe, mai kawo muku itace Bagwariya.

Aikina na farko a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na yi shi, a shagon wani ɗan Kudu mai sayar da fenti da ƙusa. Ran da aka kai ni ya tambaye ni nawa zai riƙa biyana. Na sunkuyar da kai na ce, "Duk abin da Allah Ya hore." Ya sake tambaya, na sake ba shi wannan amsa, don haka aka tarbiyyantar da mu: yaro ba ya yanka wa babba kuɗi. Da safe in ya shigo ba ina kwana, ba ina gajiya, sai dai "Zo nan, ɗauko wancan!" da murya kamar ana faɗa. Kowace safiya sai na ji kamar an watsa mini ƙasa a ido. Da wata ya ƙare ya miƙo mini abin da bai kai rabin zatona ba. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na ɗaure fuska kwana uku ina jira ya lura. Bai lura ba.

Wani dattijo mutumin Tasawa da ke sayar da shayi a bakin layin ne ya ga na daina cin burodi da safe. Da na ba shi labari ya ajiye ludayinsa ya ce, "Yaro, labarin zuciya a tambayi fuska, wannan a gida ne. Ogan nan naka ba ya karanta fuska. Kunnensa ne a buɗe. Je ka faɗa masa adadin da kake so da bakinka, ka dube shi in kana faɗa." Washegari na je gabana yana faɗuwa, na faɗa. Ya yi tsaki ya ce me ya sa ban faɗa tun farko ba, muka yi ciniki kamar ana sayen buhun siminti, ya ƙara mini. Bayan wata huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni, mutumin nan da ba ya gaisuwa shi ya sa ni a motarsa ya kai ni asibiti ya biya kuɗin magani, yana yi mini faɗa duk hanya don na ɓoye ciwon.

Abin da dattijon ya gane a teburin shayi, masana sun yi rubutu a kansa. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Edward Hall, ya bayyana a 1976 cewa akwai al'ummomin da rabin saƙonsu yana cikin yanayi: wane ne ya yi maganar, a gaban wa, da wace fuska, me ya bari bai faɗa ba. Akwai kuma waɗanda suke zuba saƙon duka a cikin kalmomi, abin da ba a furta ba kamar babu shi. Mu Hausawa muna can ƙuryar rukunin farko. Shi ya sa muke cewa shiru ma magana ce. Matsalar ita ce Abuja, musamman wurin aiki da ciniki, ta fi karkata ga na biyu, domin mutanen da ba su tashi gida ɗaya ba ba su da wata hanyar fahimtar juna sai kalma.

Ka duba "to" ɗinmu. Bahaushe yana da "to" ta yarda, da "to" ta na-ji-amma-ban-yarda-ba, da "to" ta rabu-da-ni. Ɗan'uwanka yana rarrabe su daga jan muryar. Wanda ba Bahaushe ba duk ɗaya yake jin su: ka amince. In madam ta ce ka zo ranar Lahadi ka ce "to, in sha Allahu" alhali ka san ba za ka zo ba, kai a ganinka ka ƙi ne cikin ladabi, ita kuwa a wurinta ka yi alkawari ka saɓa. Sau biyu za ka yi haka a sa maka sunan maƙaryaci, kai da ba ka yi niyyar ƙarya ba. Ka koyi cewa "ba zan iya ba" a fili, ka haɗa da dalili gajere. Da farko za ta yi maka nauyi a baki kamar rashin kunya. Haka batun ido. Mu sunkuyar da kai gaban babba girmamawa ne, amma da yawa a nan in ana tambayarka wani abu da ya ɓace kana kallon ƙasa, sai su ɗauka kai ne. Ba na cewa ka ƙura wa dattijo ido. Ka dai ɗaga kai lokacin da kake ba da amsa.

Sai dai kada ka ɗauki abin da na faɗa ka mayar da shi hukunci a kan ƙabila. Wannan kuskuren ya fi na farko muni, kuma ina jin sa kullum a majalisarmu: su wane masu faɗa ne, su wane mayaudara ne. Ogan nan nawa yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da yake zama a shagon in ya yi tafiya. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, sai ya wuni bai yi magana goma ba, kuma shi yake fara gaishe ni. Al'ada ɗaya ta raine su, hali ya raba su. Mu kanmu a gida ɗaya ana samun mai zuciyar kusa da mai haƙurin damo. Addininmu ma ya san da wannan. Sayyidina Abubakar an san shi da taushi, Sayyidina Umar an san shi da zafi a kan gaskiya, kowanne da matsayinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais yana da ɗabi'u biyu da Allah yake so, juriya da natsuwa. A wata ruwaya Ashajju ya tambaya ko shi ya koye su ko da su aka halicce shi, aka ce masa da su aka halicce shi. Don haka in mutum ya yi maka magana ta sosa maka rai, ka tambayi kanka abu biyu: haka mutanen garinsu suke magana, ko haka shi yake? Ka ba shi sati biyu kana kallon yadda yake yi da wasu kafin ka yanke.

Mai zafi shi ne mafi sauƙin zama, in ka gane shi. Yana tashi kamar wutar kara ya mutu kamar ita. Kada ka amsa masa yana tsakiyar ci, kada kuma ka yi masa gum, domin shiru yana ƙara hura shi. Ka bari ya sauka, ka ba shi magana gajera mai kai da ƙafa. Irinsu ba sa son doguwar shimfiɗa. In kuɗin mota kake nema ka fara da kuɗin motar, labarin rashin lafiyar gyatuma ya biyo baya.

Mai shiru ya fi buƙatar lura. Likitan ƙwaƙwalwar nan na Suwizalan, Carl Jung, tun 1921 ya rarrabe mutanen da hankalinsu ya fi fuskantar waje, jama'a da hayaniya, da waɗanda nasu ya fi komawa ciki. Na biyun ba girman kai ke damunsu ba, kuma ba lalle suna ƙullace da kai ba. Akwai wata maƙwabciyarmu Bagwariya a Kubwa da matata ta yi kusan shekara tana cewa ba ta son mu, don gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu. Ran da aka yi mana haihuwa ita ce ta fara sallama da asuba, da ƙullin itace da doya, ta hura wuta ta dafa ruwan wanka, ta tafi ba ta zauna hira ba. Irin wannan kada ka matsa masa da surutu, kada ka tambaye shi ra'ayinsa a cikin taro. Ka same shi shi kaɗai. In kai ne mai shirun, ka sani garin nan ba ya jiran mai nauyin baki, sai ka tilasta wa kanka faɗin abin da ya shafi haƙƙinka ko da sauran hirar ta wuce ka.

Wanda nake ji maka tsoro shi ne mai zaƙin baki, kuma sau da yawa da Hausa zai zo maka. Baƙo yana jin harshensa sai ya saki jiki. Wanda ya taɓa cin kuɗina a garin nan da "ɗan'uwana" ya fara, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai samo mini ɗaki a Mararaba, na ba shi kafin alƙalami ba shaida. Ban sake ganinsa ba. Ba kowane mai fara'a ne macuci ba, akwai waɗanda Allah Ya yi su da son mutane, kuma su ne suke haɗa baƙo da aiki. Abin da za ka duba shi ne ko maganarsa ta jiya ta yi daidai da ta yau, da kuma ko yana gaggauta ka. Haka a hanya: ɓarayin motar da ake kira wan-cans da fara'a suke ɗaukar fasinja. Ka shiga mota a tasha.

Masu takardar makaranta da ke neman aiki a ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci, inda Faransancinku yake da daraja, wataƙila a ba ku gwajin hali irin na Myers-Briggs, wanda yake kasa mutane gida 16. Ku amsa da gaskiya, kada ku zaɓi abin da kuke zaton ana so. Ni dai ina ɗaukarsa madubi ne kawai, domin na ga mutum ya zama wani iri a gaban oga, ya zama wani iri a masallacin unguwa. A irin waɗannan wurare akwai masu son komai a rubuce. In irin wannan ya ce ka turo masa saƙo bayan kun gama magana baki da baki, ba rashin yarda ba ne, haka kansa yake aiki. Kada ka aika masa saƙon murya na minti biyar a WhatsApp wanda rabinsa gaisuwa ce.

Ko tsakaninmu da Hausawan Najeriya akwai gyara. Kai ka ce buro su ce ofis, ka ce lakwal su ce makaranta, wannan dariya kawai za a yi a wuce. Na kuɗi ne ba a wasa da shi. Jikka a wurinmu sefa 1000 ce, jaka a nan naira 200 ce. In mutum ya ce zai ba ka jaka goma, naira 2000 yake nufi. Ka sa a faɗi adadin da naira, a maimaita.

Za a kira ka "aboki". 'Yan Kudu da yawa haka suke kiran duk ɗan Arewa, wani da zuciya ɗaya don ita ce kalmar Hausar da ya sani, wani da raini. Muryar za ta gaya maka wanne ne. Na ga yara sun ba hamata iska a kan wannan kalma har an kai ga 'yan sanda, kuma baƙo ne yake kwana a ciki. Abin da na ga ya fi aiki shi ne ka amsa, sannan ka faɗa masa sunanka ka tambayi nasa. Mafi yawansu daga ranar da sunanka za su kira ka.

Ran da za ka kama aiki, ko gadi ne ko shago ko tura ruwa, ka tafi da wani babba daga cikinmu wanda ya daɗe a garin. A gabansa a faɗi nawa ne, ran nawa ga wata za a biya, abinci a wuyan wa yake, da ƙarfe nawa za ka tafi masallaci ran Juma'a. In kunya ta riƙe maka harshe, shi ya faɗa a madadinka, kai kuma ka ɗaga kai ka ce ka ji ka yarda.