Lasisin aikin esi da hita a Texas: ta ina ake farawa?

Duk wanda ya iso Houston da sana'ar gyaran esi a hannunsa, tambayarsa ta farko ita ce ina zai samu aiki. Ni kuwa nakan ce masa ya fara tambayar takarda. A nan ko ka fi kowa iya walda bututun jan ƙarfe, in ba ka da takarda, kanti ba zai sayar maka da tukunyar gas ba, balle ka karɓi kwangila da sunanka.

Takardu biyu ne, kuma mutane na yawan haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ta gwamnatin tarayya ce, ta hukumar kare muhalli EPA, ana kiranta 608. Ita ke ba ka izinin taɓa gas ɗin sanyi. Kashi huɗu ce: Type I na ƙananan kaya irin firjin gida da esin taga, Type II na manyan na'urori masu ƙarfin matsi, wato irin na gidaje da shaguna, Type III na masu ƙaramin matsi da ke manyan gine-gine, sai Universal da ta haɗa duka. Shawarata ka zauna wa jarrabawar Universal kai tsaye. Kowane sashe tambaya 25 ne, kana buƙatar kashi 70 cikin ɗari, kuma in ka samu ba ta ƙarewa. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne dokar zubar da gas. Sakin gas a iska kamar yadda muka saba gani a bakin titi laifi ne a nan. Da injin zuƙa ake kwashe shi a mayar cikin tukunya.

Ta biyu ta jiha ce, kuma nan ne aikin yake. A Texas hukumar ba da lasisin sana'o'i ta jihar, wato TDLR, ke bayarwa. Ranar da ka fara aiki ƙarƙashin wani, ka yi rajista da su a matsayin ma'aikaci. Kuɗin kaɗan ne. Sannan ka duba motar maigidan naka: doka ta ce lambar lasisinsa ta kasance a jikin motar, tana farawa da TACLA ko TACLB. Ka ɗauki lambar ka bincika a shafin hukumar. Dalili shi ne, kafin a bar ka ka zauna jarrabawar ɗan kwangila, sai ka nuna wata 48 na aiki ƙarƙashin mai lasisi cikin wata 72 da suka wuce, kuma shi maigidan ne zai sa hannu a takardar shaida. Na san wani ɗan'uwa da ya daɗe yana hawa rufin gidaje cikin zafin Yuli, ana biyan sa kuɗi a hannu, ashe wanda yake wa aiki shi ma ba shi da komai. Da ya tashi neman lasisi, babu mai sa masa hannu. Saboda haka ka riƙa ajiye takardun albashinka, kuma duk kamfanin da za ka bari, ka karɓi sa hannun kafin ka yi sallama, tun ana dariya da juna.

Lasisin ɗan kwangila iri biyu ne. Class B ya tsaya a na'urori masu ƙarfin sanyi tan 25 (ma'aunin ƙarfin esi), da BTU (ma'aunin zafi) miliyan 1.5 a awa na ɗumama, ya ishi mai aikin gidaje. Class A ba shi da iyaka. Bayan cin jarrabawa sai inshora: Class B aƙalla dala 100,000 a kowane haɗari, Class A dala 300,000. Kowace shekara kuma sai ka sabunta, da awa takwas na ƙarin karatu.

Wannan duk na Texas ne. Kalifoniya tana da nata mai suna C-20, da shekara huɗu na gogewa. Jihar New York kuwa ba ta da lasisi guda na jiha baki ɗaya, birni ko ƙaramar hukuma ke tsara nata. In kana shirin ƙaura, 608 ɗinka za ta bi ka duk inda ka je a Amurka, amma na jihar sai ka tambayi hukumar can kafin ka ɗaure kaya.