Yadda Za Ka Kula da Ciwon Tsakiyar Ƙirji Bayan Ɗaga Nauyi

A unguwannin Jos irin su Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, ba wuya ka tarar da samari da sassafe a wani kango suna ɗaga ƙarfe, sau da yawa ma ba ƙarfen kanti ba ne, siminti ne aka zuba a gwangwanayen fenti biyu aka soke su da bututu. A kasuwar Faringada kuwa, tun kafin rana ta fito masu dako suke ciccibar buhunan dankalin turawa da kwandunan tumatir. Kukan da waɗannan mutane suke zuwa da shi iri ɗaya ne: tsakiyar ƙirji na ciwo, idan sun yi miƙa sai su ji wani abu ya yi ƙas, mutanen gida kuma su ce ƙirjinsu ne ya buɗe. Ni ma na yi fama da shi kusan mako shida, kuma abin da ya ja mini jinyar shi ne na ƙi sauke nauyin da ya jawo ciwon.

Ƙirji ba ya buɗewa kamar ƙofa. Ƙashin da ke tsakiyarsa faffaɗa ne mai sassa uku, kuma daga cikin haƙarƙari 12 da mutum yake da su a kowane gefe, 7 na sama ne suke manne da shi kai tsaye, ba ƙashi da ƙashi ba, ta hanyar guringuntsi mai ɗan lanƙwasuwa wanda yake bai wa ƙirji damar ɗagawa da sauka a kowane numfashi. Waɗannan mahaɗai ne suke shan wahala idan mutum ya kwanta a benci ya sauke ƙarfe har ya taɓa ƙirjinsa, ko ya dafa sanduna biyu ya yi ƙasa da jikinsa fiye da kima, ko ya fizgi buhu da ƙarfi. Tari mai tsanani ma yana jawo shi, abin da ba baƙo ba ne a sanyin Jos na watannin Disamba da Janairu. Idan guringuntsin ya fusata, likitoci suna kiran ciwon kostokondiraitis, kuma ya fi kama haƙarƙari na 2 zuwa na 5. Idan har wurin ya kumbura ana gani da ido, wannan shi ne nau'in da likitan tiyata ɗan Jamus Alexander Tietze ya bayyana a 1921. Ita kuwa ƙarar, yawanci irin wadda yatsu suke yi ce idan an lanƙwasa su, wato iskar da ke cikin ruwan gaɓa ce ta motsa. Ƙarar da ba ta zo da zafi ko kumburi ba, ba abin tayar da hankali ba ce, sai dai kada mutum ya mayar da banƙare ƙirji ɗabi'a don neman jin ta.

Kafin a yi zancen magani, dole ne a tabbatar ba zuciya ba ce, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya natsu. Ciwon guringuntsi yana da wuri takamaimai da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, idan ka danna wurin za ka ji ainihin zafin da kake kuka da shi, kuma yana ƙaruwa idan ka juya jiki, ka yi atishawa ko ka ja dogon numfashi. Ciwon zuciya kuwa ya fi kama da an ɗora maka dutse ko ana matse ƙirjin, yakan bazu zuwa hannun hagu, muƙamuƙi ko baya, yakan zo da gumi mai sanyi, haki, jiri ko tashin zuciya, wani lokacin kuma ya taso idan kana hawan tudu ya lafa idan ka tsaya. Wanda ya ji haka kada ya tsaya shafa man zafi, a kai shi asibiti nan take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko duk wanda ya fi kusa kuma yake da na'urar gwajin zuciya ta ECG. Jin zafi idan an danna ba ya tabbatar da cewa ba zuciya ba ce, don haka wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ciwon suga, ko mai shan taba, ya ga likita ko da yana ganin tsoka ce kawai. Haka ma mai sikila, domin ciwon ƙirji tare da zazzaɓi ko wahalar numfashi a wurinsa lamari ne na gaggawa. Wanda ya bugi sitiyari ko ya faɗo daga babur yana bukatar hoton ƙirji saboda tsagewar ƙashi, wanda kuma tarinsa ya wuce mako biyu ya je gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati.

Idan an kawar da waɗannan, abu na farko shi ne ka daina motsin da ya jawo ciwon. A kwana biyun farko, ka naɗe ƙanƙara a tawul, ko ledar ruwan sha da ta daskare, ka ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, kada ka ɗora ta a kan fata kai tsaye. Daga nan sai ka koma gashi da tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi aka matse. Idan tari ko atishawa za ta zo, ka rungume filo a ƙirjinka, za ka ji bambancin nan take. Ka guji kwanciya rub da ciki, kuma ka daina rataya jaka mai nauyi a kafaɗa ɗaya.

Game da ƙwayoyi, babban mutum zai iya shan farasitamol mai miligiram 500 guda biyu duk bayan awa shida, kada ya wuce guda 8 a yini. Ibuprofen yana rage kumburi, miligiram 400 bayan an ci abinci, har sau uku a rana na 'yan kwanaki, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisance shi, mai hawan jini ko asma kuma ya tambayi likita tukuna. Man diclofenac na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Abin da nake roƙon matasa su bari shi ne haɗin da ake ƙulle musu a leda a kemis, inda za ka tarar da ibuprofen da diclofenac a ƙulli ɗaya alhali aikinsu ɗaya ne kuma haɗa su yana cinye ciki, wani lokacin har da tramadol, wanda zai rufe zafin mutum ya koma ɗaga nauyi a kan raunin da bai warke ba.

Akwai kuma al'adar ɗaure ƙirji tamau da rawani ko zani. Na san da kyakkyawar niyya iyaye suke yi, kuma gaskiya ne mutum yakan ji ɗan sauƙi, amma ɗaurin yana hana huhu buɗewa sosai, majina ta taru, ƙofar ciwon nimoniya ta buɗe. Maimakon haka, kowace awa ka ja dogon numfashi a hankali kamar sau goma ko da yana ɗan sukanka. Mai ɗori ma ba shi da abin mayarwa a nan, tunda babu ƙashin da ya goce, murza wurin da ƙarfi kuwa ƙara fusata shi yake yi.

Bayan mako ɗaya ko biyu, idan zafin ya fara sauka, ka tsaya a bakin ƙofa ka dafa gefenta biyu da damatsanka, gwiwar hannu daidai da kafaɗa, ka ɗan tura jiki gaba har ka ji ƙirjin ya miƙe ba tare da suka ba, ka riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku. Tafiyar ƙafa ba ta da laifi tun daga ranar farko. Ƙarfe kuwa sai ka yi kwana bakwai cur kana danna wurin ba ka ji komai ba, sannan ka fara da rabin nauyin da ka saba, ka tsayar da sandar kafin ta taɓa ƙirji, ka matso da gwiwar hannu kusa da jiki, ka kuma ɗumama jikinka na minti goma kafin farawa, musamman da asubahin hunturu. Mai dako da ba zai iya zama a gida ba saboda abincin iyali, ya koma baro ko ya raba buhu da abokin aiki, ya riƙa durƙusawa yana ɗagawa da ƙarfin cinyoyi maimakon fizga da hannu.

Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini kamar tsoka, shi ya sa warkewarsa take ɗaukar makonni, wani lokacin watanni. Idan mako huɗu zuwa shida ya wuce babu sauƙi, ko wurin ya kumbura ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya shigo, ka koma asibiti, inda likita zai iya tura ka sashen gashin ƙashi ko ya yi maka allura a daidai mahaɗar da take ciwon.