Yadda ake musayar waƙoƙi da abokai ba tare da an cika wa juna waya da tarkace ba

Duk wanda ya taɓa kai memori wurin masu tura waƙa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi ya san yadda ake ƙarewa. Ka ce a zuba maka, a danna maka ɗari biyar, ka koma gida kana murna. Da ka buɗe sai ka tarar rabinsu ba suna, sai jerin lambobi, wata ta fito sau uku, wata kuma an rubuta sunan wane alhali muryar ta wani ce. Bayan wata guda waɗanda kake ji ba su kai goma ba. A majalisarmu ta bakin mai shayi a Bakin Kura mun shekara muna wannan wahala kafin muka sauya tsari. Ga yadda muke yi yanzu.

Fara da gyara rumbunka. Kafin ka ba wani komai, ware yammaci guda ka zauna da wayarka, ka goge maimaici, ka buɗe folda-folda. Kar ka tsaya a "tsofaffi" da "sababbi", wannan rabo ba ya taimakon kowa. Raba bisa kayan kiɗa: kalangu daban, kotso da taushi na fada daban, kuntigi, gurmi, goge da kukuma, ƙwaryar amada ta mata, sai na situdiyo da ake yi da fiyano, sai bege da mandiri. Mu a Bauchi dole a ƙara folda ta Fulatanci da ta kiɗan Jarawa da Sayawa, domin da wuya ka sami majalisar da ba ɗan Dass ko Bogoro ko wani wanda ya tashi a ruga.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane ke gudu, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci: sa wa kowace waƙa sunanta. Rubuta sunan mawaƙi, sunan waƙa, sannan inda ka samo ta. In ba ka da tabbacin mai ita, kunne zai taimake ka. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai yake waƙarsa da kuntiginsa, ba 'yan amshi. In ka ji kalangu da amshi sun cika wuri, ba shi ba ne, ko da an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Ɗanƙwairo da kotso aka san shi, Barmani Choge da ƙwarya. Shekaru ma suna tona asiri. Shata ya rasu a 1999, layin wayar GSM kuwa bai fara aiki a Najeriya ba sai 2001, don haka waƙar da aka lanƙaya wa sunansa tana maganar katin waya, ta mai kwaikwayo ce. Ba laifi ba ne mutum ya ajiye ta, amma ya rubuta gaskiya a kanta. Abin da ya gagare ka, kai wa dattijo. Akwai wani tsohon direba da ke zama da mu, daƙiƙa goma ta ishe shi ya gaya maka mai waƙar, wanda aka yi wa ita, har da garin da aka yi wasan. Kunne ya girmi kaka.

Sai ka shata doka da abokanka. Tamu mai sauƙi ce: kowa waƙa ɗaya a mako, kuma sai ya faɗi dalili. Ba sai ya yi dogon bayani ba. "Ku saurari inda mai kalangu ya sauya hannu a minti na shida." "Wannan ce mahaifiyata ke rerawa in tana daka." Ya isa. Mutumin da aka turo wa waƙa arba'in ba zai buɗe ko ɗaya ba, amma wanda aka ce wa ya jira minti na shida zai jira, ko don ya ƙaryata ka. A ganina wannan ƙa'ida ce ta raya majalisar, domin da can mai yawan data ne ke danne kowa.

Wajen turawa akwai dabara. In kuna wuri ɗaya, yi amfani da Xender ko makamancinsa, ba ya cin data ko kaɗan, kuma ya fi Bluetooth sauri nesa ba kusa ba. In ta WhatsApp ce, tura ta a matsayin takarda (Document), ba ta hanyar alamar sauti ba, don sunan da ka sha wahalar rubutawa ya isa yadda yake. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne kara waya a bakin sifika a ɗauka da saƙon murya. Kiɗan ya mutu ke nan, sai ƙarar janareta da tarin wanda ya ɗauka. Ka kuma yi wa ɗan'uwanka lissafi: MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kusan megabait ɗaya a minti, don haka waƙar gargajiya ta minti ashirin ta kai megabait ashirin. Ka gaya masa tsawonta tukuna, wataƙila ya gwammace ya jira ku haɗu.

Waƙar mawaƙin da ke raye kuma yake sakin aikinsa a Audiomack ko YouTube, hukuncinta daban. Tura mahaɗin, kar ka tura fayil. Saurare a can ne ake ƙirga masa, kuma za ka tsira daga irin kwafin da wani ya saka muryarsa a tsakiya yana tallar shagonsa. Audiomack yana barin ka ajiye waƙoƙi da dama a cikin manhajar ka ji ba data. In kundi ne sukutum, a ji shi a jere daga farko zuwa ƙarshe ko sau ɗaya ne kafin kowa ya fara cewa wance ta fi. Sau da yawa wadda ake yayi a gidajen biki ba ita ce mai nama ba.

Yanzu zaman kansa. Ƙaramar sifika mai caji ta wadatar, a cika ta tun da rana saboda halin wuta. Muna farawa bayan Isha'i. Mai waƙa ya faɗi dalilinsa, a kunna, ba mai magana sai ta ƙare, ko da kuwa ta yi rabin awa. Bayan nan kowa ya zuba son ransa, a yi gardama har shayi ya huce. A rage murya saboda maƙwabta, kuma in zaman rana ne, ana jin kiran salla a kashe. Waƙar siyasa mun hana ta gaba ɗaya, tun daren da abokai biyu suka kusa ba hammata iska kan habaicin da ba su aka yi wa ba. Wanda ka san ba ya sauraron kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, kar ka tura masa don tsokana. Akwai waƙen baka marar kiɗa da yawa, in yana so.

Wanda Allah ya ba kaset a gida, ya riƙe da kyau, da tsohuwar zuma ake magani. Binciki akwatin mahaifinka ko ɗakin kawunka. Kafin ka saka kaset a rediyo, zura biro a raminsa ka juya zaren a hankali har ƙarshe, don wanda ya daɗe a ajiye yakan manne, rediyo ta taune shi. Goge kan rediyon da auduga. Sai ka haɗa kebul daga ramin abin saka wa kunne zuwa kwamfuta, ka ɗauka da Audacity, manhaja ce ta kyauta. Kaset mai lamba 60 minti talatin ne kowane gefe, mai lamba 90 minti arba'in da biyar, kuma ba gaggawa a ciki, sai ya juya har ƙarshe. Ɗauki hoton kwalinsa ma, rubutun biron da ke jiki wani lokaci shi kaɗai ne shaidar shekara da wuri.

A ƙarshen wata, mutum ɗaya ya tattara duk abin da aka kawo a memori guda, a kuma yi kwafi na biyu a ajiye wurin wani. Memori mai gigabait 8 na gaske zai ɗauki sama da awa 120. Na ce na gaske domin jabu ya yi yawa: yana nuna sarari, amma abin da ka zuba daga baya sai ya ƙi buɗewa. Gwada shi tun kana sabon saye, ka cika shi, ka buɗe fayilolin ƙarshe ka gani.

Zaɓin watan kuwa a mota muke gwada shi. Duk wanda tafiya Gombe ta kama, shi ake ba memorin ya roƙi direba ya saka. Waƙar da aka wuce gadar Dindima har aka shiga Alkaleri ba fasinjan da ya ce a canza, tana shiga folda ta dindindin. Wadda direba ya cire da kansa, mai ita ne ke biyan kuɗin shayin makon.