Kurakuran da Ake Yi Wajen Tsabtace Mukayyif da Bututun Iska a Tsofaffin Gidaje

Duk wanda ya zauna a tsofaffin unguwannin Makka, irin su Misfala da Hindawiyya da Rusaifa da kewayen Shari' Mansur, ya san cewa kusan rabin shekara tagogi a rufe suke, domin idan zafi ya kama yakan haura digiri 45, kuma babu mai iya barci sai da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ma'anar wannan ita ce iskar da tsoho da jariri suke shaƙa dare da rana ta cikin wannan na'ura take biyowa, ko ta bututun da ke ɓoye a saman silin. Yawancin gidajen nan sun shekara talatin ko arba'in da ginawa, an rarraba ɗakunansu saboda haya, wani ɗakin ma tagarsa guda ɗaya ce kuma ita aka toshe da mukayyif. Mutanenmu ba ƙazamai ba ne, shara da guga kullum ana yi, amma akwai kurakurai da nake gani ana ta maimaitawa, kuma mafi yawansu da kyakkyawar niyya ake yin su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rufe wari da ƙamshi. Gwaggona ta yi watanni tana tari da daddare, ana ta sayen maganin mura, ranar da na shiga ɗakinta kuwa sai na ji wani wari irin na tsumman da ya kwana a jiƙe yana fitowa ta ƙarƙashin ƙamshin turare. Da na yi mata magana sai ta ce, "Ɗan nan, ai kullum sai na turara ɗakin nan safe da yamma." Na ce, "Gwaggo, ki yi mini izini in buɗe mukayyif ɗin in duba." Na kashe wuta na ɗaga murfin, sai ga ragar tace ƙura ta yi kauri kamar bargo, bayanta kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo na fumfuna sun bi fankar da ke hura iska, tiren da ke tara ruwa ya cika da wani yauƙi mai launin toka. Mesar da ya kamata ta fitar da ruwan waje an lanƙwasa ta sama lokacin da aka yi wa bango fenti, don haka ruwan ya rasa hanyar fita.

Yana da kyau a fahimci yadda abin yake faruwa. Idan iska mai ɗumi ta ratsa ƙarfen nan mai sanyi da ke cikin na'urar, sai laimar da ke cikinta ta koma ruwa, kamar yadda gorar ruwan sanyi take yin gumi idan an ajiye ta a tabarma. Muddin ruwan nan yana fita, babu matsala. Idan ya tsaya, ya haɗu da ƙura, to fumfuna ta sami abinci da wurin zama, kuma ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta fara kama wuri mai danshi. A Jidda, inda laimar Bahar Maliya take sa tufafi su ƙi bushewa, abin ya fi tsanani. Gyaran shi ne a wanke ƙarfen da tiren, a zazzage mesar, a tabbatar ta gangara ƙasa tun daga bakinta har ƙarshenta, sannan a riƙa barin na'urar a kan fanka kaɗai na kamar rabin awa kafin a kashe ta, domin cikinta ya bushe. Wanki ba tare da gyara hanyar ruwa ba wahalar banza ce, bayan 'yan makonni warin zai dawo.

Game da turaren wuta, ba na cewa a daina, domin al'adarmu ce kuma ado ne na gida. Kuskuren shi ne a ajiye kasko a ɗaki rufe, mukayyif na aiki. Da yawa suna zaton na'urar tana shigo da sabuwar iska daga waje, alhali irin wadda ake kafawa a bango iskar ɗakin kawai take zuƙa ta sanyaya ta mayar, ta taga ma kusan haka take. Hayaƙin sai ya yi ta zagayawa, maiƙonsa ya manne a raga da ƙarfe ya zama danƙo mai kama ƙura, ƙananan ɓurɓushinsa kuma su shige can cikin huhu, abin da ke tayar wa mai asma da ciwonsa. A kashe na'urar, a buɗe taga ko ƙofa, a turara na ɗan lokaci, a fitar da kaskon, sannan a kunna. Gawayin kuma a hura shi a waje har ya ruru, kada a bar shi ya kwana a ɗaki, domin yana fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya sanin ta kama shi.

Daga nan sai kuskuren da ya fi ba ni tsoro, wato haɗa magungunan wanki. Akwai masu ganin cewa idan aka zuba Clorox, wato ruwan bilic, aka ƙara Flash, wato maganin wanke masai mai asid, a kai, to ƙwayoyin cuta sun gama yawo. Abin da wannan haɗi yake haifarwa shi ne iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a banɗaki ƙarami marar taga tana iya kayar da mutum cikin mintuna kaɗan. Haka ma haɗa Clorox da duk wani mai ɗauke da amoniya. Wanda hakan ta faru da shi ya fita nan take zuwa inda iska take, a buɗe ƙofofi, idan numfashi yana sarƙewa a kira lambar agajin gaggawa, 997 ko 911. Ko shi kaɗai ma, bai kamata a fesa Clorox ko maganin kashe ƙwari a cikin mukayyif ba, saboda yana cin siraran ƙarafan alminiyam ɗin, kuma da zarar an kunna na'urar, ragowarsa a fuskar mutanen gida za ta huro shi. Ruwa da sabulu mai sauƙi sun isa raga da murfi, ƙarfen ciki kuwa yana da nasa maganin wanki, kuma dole a ɗauraye shi sosai.

A gidajen da sanyinsu ke biyowa ta bututun saman silin, kuskuren wani iri ne daban. Tallace-tallace sun cika waya, kowa yana alƙawarin ta'aƙim, wato kashe ƙwayoyin cuta, a kan kuɗi kaɗan. Wani maƙwabcinmu ya kira irin waɗannan, suka zo su biyu, suka cire murafen bakin bututun suka goge iyakar inda hannu ya kai, suka fesa wani abu mai ƙamshin lemo, kafin awa guda sun karɓi kuɗinsu sun tafi. Washegari ƙura ce ta lulluɓe kujeru, domin sun tayar da wadda take kwance ba su kwashe ta ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta daɗe tana nazarin wannan batu, ba ta ba da shawarar a riƙa share bututu a kai a kai ba, ta ce a yi shi ne idan akwai dalili: an ga fumfuna da ido a ciki, ko ɓeraye da ƙwari sun yi gida, ko ƙura ta taru har tana fitowa cikin ɗaki. Ƙura 'yar kaɗan da ta manne a jikin bututu busasshe ba ita ce abin damuwa ba.

Idan dalilin ya tabbata, to a nemi masu aikin da za su haɗa babbar na'urar zuƙa mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙura komai ƙanƙantarta, a jikin bututun, su toshe sauran bakunan, su karkaɗe cikin da buroshi yayin da na'urar ke janye dattin, kuma su wanke fanka da ƙarfen sanyi da tiren ruwa, domin daga can ƙazantar take tasowa. A buƙaci hoton ciki kafin aiki da bayansa. Wasu tsofaffin bututun an shimfiɗa musu audugar gilashi daga ciki, idan ta jiƙe fumfuna ta kama ta, babu feshin da zai tsarkake ta, sai dai a cire a sa sabuwa. Feshin magani a kan datti bai taɓa maye gurbin kwashe dattin ba, kuma na'urar ozon da wasu ke kunnawa a gida da sunan kashe wari ita kanta iskarta tana cutar da huhu. Tabon ruwa a jikin silin alama ce ta cewa rufin bututun ya yage yana gumi, ko mahaɗarsa ta buɗe tana zuƙo ƙurar saman silin, wannan kuwa aikin liƙewa ne da sake naɗewa. A gidan da aka gina kafin Saudiyya ta hana amfani da asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, a 1998, kada a fasa ko a kankare wani tsohon allo ko rufin bututu da ba a san da me aka yi shi ba, sai wanda ya san aikin ya duba.

Ragar tace ƙura ita ce mafi sauƙin kulawa, kuma ita aka fi mantawa. Duk mako biyu a cire ta a wanke, idan an yi guguwar ƙura kuma kada a jira lokacin ya cika. A shanya ta a inuwa ta bushe ƙarau kafin a mayar, domin mayar da ita a jiƙe gayyatar fumfuna ce.

Mukayyif na taga yana da nasa matsalolin. Ramin da aka huda masa a bango sau da yawa ya fi shi girma, sai a cusa kwali da tsumma a gefe, ta nan ƙura da kyankyasai da hayaƙin motoci ke shigowa, tsumman kuma ya sha ruwa ya ruɓe. A cire su a liƙe wurin da kumfar gini ko silikon, kuma a ɗan karkata na'urar ta baya don ruwa ya zuba waje, kada ya bi bango ya sa fenti kumbura. A Makka kuma ga tattabaru, waɗanda ba su da wurin da suka fi so kamar saman mukayyif. Busasshen kashinsu yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu, musamman ga wanda jikinsa ya yi rauni, saboda haka ba a share shi a bushe, sai a yayyafa ruwa, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu. Tunda tsuntsayen Harami ba a cutar da su, abin da ya dace shi ne a kewaye bayan na'urar da ragar waya mai faɗin ido tun kafin su yi sheƙa, ta yadda zafi zai riƙa fita.

Bokitin da ake tarawa a ƙarƙashin mesa shi ma abin lura ne. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda a Saudiyya aka fara tabbatar da shi a Jidda a 1994, a ruwa mai tsabta da ke tsaye yake ƙwai, kuma kusan mako guda ya ishe shi ya zama sauro. A zubar da ruwan kullum a wanke bokitin, ko a sada mesar da magudana. 'Yan'uwanmu na Riyad da Madina da Sudan masu amfani da mukayyif sahrawi, mai aiki da ruwa, su riƙa zubar da ruwan tankinsa suna kankare gishirin da ke taruwa, su canja ciyawarsa kowace shekara, kuma su bar taga a ɗan buɗe, domin shi sai iska na da mafita yake aiki. A Jidda kuwa bai dace ba sam, laima zai ƙara a kan laima. Gidajen da ake rufewa sai lokacin alhazai suna da wani haɗarin: ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye, tsakanin digiri 25 zuwa 45, kuma ta feshin ruwa take shiga huhu. Kafin baƙi su sauka a wanke tankin saman gida, a bar famfuna da shawa su zuba taga a buɗe, a kai hita digiri 60.

Akwai kuma masu sayen na'urar da ta fi ƙarfin ɗakin, su ajiye ta a kan 16. Irin wannan tana sanyaya ɗaki da sauri ta tsaya kafin ta tsotse laima, sai ɗakin ya yi sanyi amma jiki na danƙo, bango na gumi. Digiri 24, wanda hukumomin tattalin wutar lantarki na ƙasar nan suke ba da shawara, ya wadatar. Ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada, kuma abin da ake so ya nuna shi ne tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kada dai ya wuce 60. Magabatan Jidda da suka gina gidajen tsohuwar unguwar Balad da rawashin, tagogin katako masu huji-huji, sun san gida yana buƙatar iska ta ratsa shi, mu kuwa mun toshe ko'ina. Bayan sallar Asuba, lokacin da gari bai ɗau zafi ba, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna na minti goma zuwa sha biyar, sai fa ranar da ƙura ta taso. A kicin a kunna shaffaɗ, wato fankar zuƙe hayaƙi, duk lokacin da gas ke ci, a kuma duba ko da gaske waje yake fitar da hayaƙin, domin na ga wanda bututunsa a cikin silin ya ƙare. Tsohon moket, wato kafet, da ruwa ya taɓa jiƙawa bai bushe cikin kwana biyu ba, a naɗe shi a fitar.

Mai haya ya ɗauki hoton duk wani yoyo ko tabon danshi ya kai wa mai gida da wuri, domin gyaran bango da bututun ruwa ba aikin sabulu ba ne. Babban wankin na'ura kuma a yi shi a watan Maris ko Afrilu, kafin zafi ya kankama masu gyara su yi wuyar samu. Wanda tarinsa ya wuce mako uku, ko yaron da ƙirjinsa ke fito da daddare, a kai shi asibiti ko da an gyara ɗakin, kuma a gaya wa likita abin da aka tarar a cikin mukayyif ɗin.